Tambayoyi da amsoshi kan faɗaɗa titi da sauya gadoji a kwarin kogin Haɗeja

Tun ranar da masu safiyo suka zo suka kakkafa turaku suka shafa jan fenti a katangun bakin titi ban ƙara shan shayi cikin kwanciyar hankali ba, duk inda na zauna sai an jefo min tambaya, wai don na taɓa yin shekara 4 ina aiki da wani kamfanin titi. To ni dai ba injiniya ba ne, aikina a lokacin rubuta tifa ne, in ta juye marmara in yaga tikiti in miƙa wa direba, amma ka san zama da maɗaukin kanwa. Garinmu yana cikin kwarin kogin Haɗeja ne, tsakanin Ringim da Haɗeja, inda in damina ta kai damina sai ka rasa ina ne gona ina ne kogi. Shi ne na ce bari in tattara tambayoyin da aka fi yi min in amsa su gaba ɗaya, wanda ya sake tare ni a majalisa in ce masa ya je ya karanta.

Wai dole sai an faɗaɗa ne? Ba za a cike ramukan kawai a ƙyale mana gidajenmu ba?

Duk wanda ya taɓa bin titi mai hannu ɗaya ranar kasuwa ya san amsar nan. Ka tsaya a Wudil ranar Juma'a, ko hanyar Maigatari ranar Alhamis, ko Gujungu ranar Lahadi, ka ga tirelar shanu, tanka, a-kori-kura, Sharon cike da mutane har but, mai babur da buhu uku, ga amalanke, duk a kan kwalta ɗaya da faɗinta bai wuce mita 7 da 'yan kai ba. Mai ƙaramar mota in ya gaji da shaƙar hayaƙin tirela sai ya leƙo zai wuce, shi ke nan sai taho-mu-gama. Abin da tagwayen hanya take magani kenan, mai tafiya da hannunsa mai dawowa da nasa.

Shi kuma faci, ramin da kake gani a sama ai ba daga sama ya faro ba. Ruwa ne ya shiga ƙarƙashin kwaltar ya jiƙa ƙasar ta yi laushi, babbar mota ta taka ta lotsa. Ka zuba kwalta sau goma, in dai ƙasan a jiƙe yake damina ɗaya za ta tone ta.

Mita nawa za a ci daga bakin titi?

In titin gwamnatin tarayya ne, abin da doka ta ware mita 45.72 ne daga tsakiyar titi zuwa kowane gefe, wato ƙafa 150 dama ƙafa 150 hagu. Ba wai duk wannan za a shimfiɗa wa kwalta ba, amma filin titi ne, kuma da yawanmu shaguna da rumfunanmu a ciki suke tun tuni, shiru kawai aka yi mana. Na jiha lissafinsa daban ne, a ma'aikatar ayyuka ta Dutse ake tambaya.

Sai wani abu, lambobin nan da ake rubutawa a jikin turaku da bango irin 12+500, don Allah a daina cewa kuɗin diyya ne. Wata gwaggona har kuka ta yi wai an yi wa gidanta kuɗi dubu goma sha biyu da ɗari biyar. Nisa ne kawai, kilomita 12 da mita 500 daga inda aikin ya fara.

Za a biya diyya? Kuma ta mene ne ake biya?

Nan ne mutane suka fi shan mamaki. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 cewa ta yi ƙasar jiha amana ce a hannun gwamna, kuma ana iya karɓa in aikin jama'a ya taso. Abin da ake biya shi ne abin da ke kan ƙasar: gini, katanga, rijiya, bishiya mai amfani, shukar da ke gona a lokacin. Don haka mai fili fetal a bakin titi wanda yake lissafin miliyoyi a ransa, gara ya sassauta.

Bishiya ma jadawali gare ta. Na tuna lokacin da aka yi ƙirga a gonar kawuna a wancan aikin, ya dafa wani tsohon mangwaro ya ce wa mai ƙirgar, "Yallaɓai wannan fa shi ya yi wa yaran gidan nan kuɗin makaranta, duk bazara sai an cika mota." Mutumin ya ce, "Baba wallahi na yarda, amma ni takardar da aka ba ni gida uku gare ta, babba, matsakaici, ƙarami." Ya rubuta babba ya wuce gaba. Kawu bai ƙara maganar ba har ya rasu, amma ranar da aka sare ta bai fita gona ba.

Abin da zan ce a yi: ranar ƙirga ka tsaya da ƙafarka, kar ka aika yaro. Ka ɗauki hoton gininka da bishiyoyinka da waya, ka riƙe lambar da aka ba ka, ka karanta ko a karanta maka kafin ka sa hannu ko ka dangwala. Gidan gado a zauna a daidaita tun kafin kuɗi su fito, a sa sunan mata da marayu a rubuce gaban mai unguwa, don na ga zumuncin da diyya ta raba har yau ba a gaisawa. Gonar aro ko ta jingina kuma, shukar ta wanda ya shuka ce, bishiya ta mai gona, a faɗa wa masu ƙirga haka tun a wurin. Masu tashi cikin dare su jera bulo bayan an gama ƙirga don su samu rabo, asarar siminti kawai suke yi.

Masallaci da maƙabarta fa?

Masallaci ana biyan gininsa a sake wani a baya. Maƙabarta kuwa yawanci ƙoƙari ake a kauce mata, a ɗan karkata titin ko a faɗaɗa ta ɗaya gefen, amma sai dagaci da limamai sun yi magana tun zanen yana kan takarda. In katafila ta riga ta iso bakin wurin, maganar ta yi wuya.

Gadar nan ai ƙalau take, tun muna yara muke hawa. Me ya sa za a rushe ta?

Daga sama kake kallonta. Ka bari rani ya yi ka sauka ƙasa ka duba gindin ginshiƙan. Ruwa in ya zo da ƙarfi ya daki ginshiƙi juyawa yake yi kamar ana tuƙa tuwo, yana kwashe yashin da ke gindin kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru, har turakun da aka kafa gadar a kansu su fito fili tsirara. Gadar Tamburawa da ke hanyar Zariya haka ta taɓa yi, sai da aka yi mata babban gyara. Sannan ka duba inda kankare ya fashe rodi ya fito ya yi tsatsa, da inda gada ta haɗu da titi mota take yin tsalle.

Ban da haka, tsofaffin gadojin nan an yi su ne lokacin da babbar mota ita ce gingimari mai bodin katako, ba tirelar yanzu da ake lafta wa siminti ko taki fiye da ƙima ba. Ga ƙunci, babu inda mai ƙafa ko mai keke zai raɓa. Wasu kuma sun yi ƙasa, wasu sun yi gajarta, ƙofar da suka bar wa ruwa ba ta isa ba. Wani lokaci ba rushewa ake ba, sabuwa ake ginawa a gefe ta ɗauki hannu ɗaya, a gyara tsohuwar ta ɗauki ɗayan.

Gaskiya ne sabon titi yana iya jawo mana ambaliya?

Gaskiya ne, kuma da za a bi tawa wannan ce tambayar da za a fara yi a duk taron da aka kira, kafin ma maganar diyya. Diyya sau ɗaya ake karɓa a cinye, ruwa kuwa duk Agusta yana nan tafe.

Ka gane, titi a fadama jinga ce. Don kar ruwa ya hau kwalta sai a yi ciko a ɗaga shi sama, wani wurin ya fi tsayin mutum, a ja shi kilomita da kilomita ya ratsa kwari. Ruwan da a da yake bazuwa ya wuce a hankali ta ko'ina yanzu ba shi da hanya sai ta ƙofofin da aka bar masa, wato gada da kwalbatoci. In ƙofofin sun isa, lafiya lau. In ba su isa ba ruwan sai ya taru a gefen da yake fitowa ya koma da baya ya shiga gonaki da gidaje, ɗaya gefen kuma fadamar da ta saba sha ta bushe, masu shinkafa a can su rasa ruwa ku a nan ku rasa gero. In ya ƙara ƙarfi ya nemi hanya da kansa ya yanke titin, kamar yadda aka gani a daminar 2024 da ruwa ya datse titin Kano zuwa Maiduguri a yankin Azare, sabon titi fa, motoci suka koma zagaye.

Na ga wannan da idona a wurin da na yi aiki. Akwai wani kwari da aka sa wa bututun kankare guda biyu, wani dattijo yana dawowa daga gona da fartanya a kafaɗa ya tsaya ya daɗe yana kallo, sai ya ce wa injiniyan, "Ɗana, ruwan da ke bi ta nan in Agusta ta raba, raƙumi ma ba ya tsayawa, wannan 'yar ƙofar ta me ce?" Har ya ja shi ya nuna masa wata tsamiya, ga zanen ruwa nan a jikinta ya kai ƙirjin mutum. Injiniyan yaro ne mai ladabi wallahi, ya ce "Baba haka zanen ya zo daga ofis, amma zan faɗa." Ko ya faɗa ko bai faɗa ba, haka aka rufe. Damina ta farko ruwa ya kwanta a gonakin gabas fiye da sati biyu, gero ya ruɓe a tsaye, ta biyu kuma ya ɓalle cikon ya tafi da bututun duka biyun. Daga baya aka dawo aka yi kwalbati mai ɗaki uku, wanda tun farko shi dattijon yake nufi.

Su injiniyoyi suna da lissafinsu, za ka ji suna cewa an yi gada don ambaliyar shekara 50 ko ta shekara 100. Ba wai sai bayan shekara 100 za ta zo ba, ma'anarsa kowace shekara akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100 ta zo, tana iya zuwa bana ta sake zuwa baɗi. Kuma lissafin da tsofaffin alƙaluma ake yinsa, alhali mu da muka ga 2020 da 2022, yadda ruwa ya yi da Auyo da Kafin Hausa da Miga da Ringim da Haɗeja da Guri da Kirikasamma, mun san kogin ya canza hali. Don haka in sun zo a fita da su, a nuna musu inda ruwa ya tsaya a jikin bishiya da bangon makaranta, a nuna musu kowace 'yar hanyar ruwa ko da ta bushe ƙurmus a ranin, a tambaye su kwalbati nawa ne tsakanin gari kaza da gari kaza kuma faɗin kowanne nawa. A rubuta a takarda, dagaci ya sa hannu, a kai wa hakimi da ƙaramar hukuma kwafi, a ajiye ɗaya.

Ba ruwan Tiga ne ke cinye mu ba? Me ya haɗa shi da titi?

Duk shekara sai an ce "an saki Tiga". Dam ɗin Tiga an gama shi 1974 a kan kogin Kano, na Challawa kuma 1992, kogunan biyu su ne suke haɗuwa kafin Wudil su zama kogin Haɗeja, kuma hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da su. Abin da dam ɗin suka yi wa kogin ya fi sakin ruwa zurfi. A da kogin cika yake da damina ya ja baya da rani har ya kusa ƙafewa, yanzu kuwa ana sako ruwa har da rani saboda noman Kadawa da Kura da na Auyo, to rashin bushewar nan shi ya ba kachala dama ta yaɗu ta toshe hanyoyin ruwa, yashi da laka suka taru, kogin ya cike ya zama ba zurfi. Kogin da ba shi da zurfi ɗan ruwa kaɗan sai ya fantsama. In ka zo ka gitta masa titi mai ƙananan ƙofofi kuma, ka ga an haɗa masa biyu kenan.

Ana ta cewa wurin "mai kariya" ne. Kariyar me, wa ya kare shi?

Daga Haɗeja ka gangara arewa maso gabas zuwa Nguru, dausayin nan da kogin Haɗeja da na Jama'are suke bazuwa kafin su haɗu wajen Gashuwa su zama kogin Yobe su nufi tafkin Chadi, sananne ne a duniya ba a nan kaɗai ba. Akwai wata yarjejeniya ta ƙasashe kan kare dausayi da aka ƙulla a 1971 a garin Ramsar na ƙasar Iran, Najeriya tana ciki. Tafkin Nguru da mashigar Marma sun shiga jerin a 2000, dajin Baturiya da ke ƙaramar hukumar Kirikasamma ya shiga a 2008, kuma a 2020 gwamnatin tarayya ta sa Baturiya cikin wurare 10 da ta amince a mayar gandun daji na ƙasa. Can Yobe kuma ga dausayin Dagona.

Dalili babba tsuntsaye ne. Lokacin sanyi akwai waɗanda suke tasowa tun daga Turai su ƙetare Sahara su sauka a nan, su tarar da namu na gida, dinya da kirinjijiya da zalɓe da sauransu. Kariyar ba tana nufin ba za a yi titi ko gada ba, tana nufin ba za a yi yadda aka ga dama ba. Kuma ko aikin bai shiga cikin dajin ba, in dai a saman kogin yake, duk abin da aka zubar a ruwa can zai gangara.

To yanzu tsuntsu ya fi mutum kenan? Mu muna mutuwa a titi ana maganar agwagwa.

Wannan wani abokina direba ne ya faɗa min da zafi, kuma ban ga laifinsa ba, ƙaninsa a titin nan ya rasu. Amma ni a ganina ba a raba su. Ruwan da dinya take sauka a kai shi ne wanda tarwaɗa da karfasa suke hayayyafa a ciki, shi ne kifin da ake bandarwa a loda a kasuwar Haɗeja a kai har kudu, shi ne shinkafar fadama, shi ne ciyawar da Fulani suke saukowa dominta da rani, shi ne kabar da mata suke saƙa tabarma, kuma shi ne yake sauka ƙasa ya cika mana rijiyoyi. Ranar da tsuntsun ya daina zuwa ka leƙa komar masunta ka gani. Ni ban damu da Bature mai kyamara ba, amma in dokar da aka yi don agwagwa ce za ta tilasta a ƙara wa gada tsawo a ƙara kwalbati, to wallahi ina bayan agwagwa.

Me aikin gada yake yi wa kifi da ruwan sha?

Abu uku na gani. Na farko laka, in ana haƙa a cikin kogi ruwa ya dagule ya yi ja har nesa, lakar ta kwanta a kan ƙwan kifi. Na biyu ɗanyen siminti, wannan guba ne ga kifi, kuma direbobin motar kwaɓa kankare suna da ɗabi'ar zuwa bakin kogi su wanke ta da yamma, washegari ka ga ƙananan kifi sun taso fari fat. Na uku baƙin mai da gas daga injina.

Yadda ya kamata, aikin cikin ruwa da rani ake yinsa, a kafa katangar ƙarfe a zagaye inda za a yi ginshiƙi a zuƙe ruwan ciki a yi aiki a bushe, kar a toshe kogin gaba ɗaya a bar masa gefe yana wucewa, wurin ajiye mai da wankin motoci a yi shi nesa da gaɓa, in an rushe tsohuwar gada a kwashe ɓaraguzan kar a bar su a ciki suna yaga koma suna fasa kwale-kwale. Sarkin ruwa da masunta su ne idon gari a nan, su suke kan ruwa da asuba.

Akwai wanda ke duba su kuwa, ko sai abin da suka ga dama?

A takarda akwai. Tun 1992 akwai dokar da ta ce babban aiki irin wannan sai an yi binciken illarsa ga muhalli kafin a fara, ma'aikatar muhalli ta tarayya ta duba. Rahoton ana ajiye shi a bainar jama'a kwana 21 na aiki, yawanci har da sakatariyar ƙaramar hukuma, don kowa ya karanta ya kai ƙorafi. Akwai kuma hukumar NESREA da aka kafa 2007 don tilasta bin dokokin muhalli. Matsalar ita ce rahoton da Turanci yake, kauri kamar bulo, sanarwar kuma a jarida, wa yake karanta jarida a ƙauye? Shi ya sa nake cewa ɗalibanmu da ke jami'a a Dutse da Kafin Hausa da Wudil su yi wa gari wannan hidimar, su je su nema, su buɗe babin ruwa da na diyya su fassara wa mutane a masallaci bayan la'asar.

Ta ina za mu riƙa wucewa in an rushe gadar?

Ana yin hanyar ratse a gefe, ciko da bututu a ƙasa a zuba marmara. Da rani ba laifi sai ƙura, a matsa musu su riƙa yayyafa ruwa da tanka safe da yamma musamman cikin gari. Da damina ne ake jin jiki don ruwan farko mai ƙarfi yana iya tafiya da ita, shi ke nan a koma fito. In an kai ga haka don Allah kar a cika kwale-kwale, kar a yi fiton dare, mun rasa mutane da yawa a Jigawa ta wannan hanyar, yawanci mata da yara masu dawowa daga kasuwa ko gona. Mai ciki da ta kusa, gara ta koma wajen dangi a gefen da asibiti yake tun kafin ruwa ya cika.

Kuma masu cewa an gama zuba kankare me ake jira ba a buɗe ba, kankare sai ya yi kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake lissafi da shi. Ba mugunta ba ce.

Ramukan da suke haƙa suna ɗiban ƙasa fa?

Wannan ya fi ci min rai fiye da komai don ni na rubuta tifofin da suka kwashe ƙasar. Za a zo a ba mai gona kuɗi a ce za a ɗebi marmara, shi yana murna, a haƙa rami mai zurfin gida biyu bangonsa a tsaye kamar rijiya, a gama a tafi. Damina ta cika shi, yara su je wanka, ƙasan ba gangare ba ne, taku ɗaya sai zurfi. Ga sauro. Kafin ka yarda a taɓa gonarka a rubuta zurfin da za a yi, a rubuta cewa za a ture ƙasar sama gefe a mayar da ita in an gama, a kwantar da bakin ramin ya zama gangare. In an yi shi da kyau ma yana zama abin amfani, na san inda irin wannan kududdufin ya zama mashayar shanu har ana ɗan lambu a gefensa. Amma kar ya zama kusa da gidaje ko makaranta.

Mu masu ɗiban yashi za a hana mu?

Kusa da gada, e, kuma daidai ne. Duk tifar da aka ɗiba a gindin gada taimaka wa ruwa aka yi wajen tone ta. A matsa can nesa.

Shanu da yara 'yan makaranta ta ina za su tsallaka?

Ga wani abu da ba a faɗa: titi in ya yi kyau gudu yake ƙaruwa. Hatsarin gaba da gaba zai ragu amma na kaɗe mai tsallakawa yana iya ƙaruwa, ballantana garin da titi ya raba biyu, gidaje a nan makaranta da rijiyar burtsatse a can. A nemi a bar wurin tsallakawa a daidai makaranta da kasuwa, da alamu da abin rage gudu na ƙa'ida, ba irin tudun da matasa suke yi da kansu da daddare bayan an kaɗe wani ba, wanda shi ma kisa yake. Burtali kuma a nuna wa masu zane inda ya ratsa, don in aka yi ciko mai tsayi aka sa shingen kankare a tsakiya garke ba shi da hanya, sai ya bi ta gonar wani, kun san abin da ke biyo baya. Babban kwalbati mai ɗaki in an ɗaga shi sosai da rani shanu suna bi ta ciki. A sa ardo a cikin zaman tun farko.

Za a ɗauki yaranmu aiki?

Za a ɗauka, lebura, gadi, mai tuta, mai dafa abinci, direba in yana da lasisi. Aikin 'yan watanni ne, kar wanda ya sayar da akuyarsa ya ba wani dillali wai zai sama masa gurbi. Shawarata ga wanda ya samu, ya liƙe wa mai ɗaurin rodi ko kafinta ko mai tuƙa gireda ya koyi hannu, ni da na tsaya rubuta tikiti ga shi nan abin da na fito da shi sai surutu.

Masu sana'a a bakin titi fa, mai tsire, mai rake, masu kifi?

Rumfar da ke cikin filin titi ba kasafai ake biyanta yadda mai ita yake so ba. Abin da ya fi amfani a roƙa shi ne a yi wa gari wurin tsayawar motoci a gefe, a mayar da masu sana'ar can gaba ɗaya, don tagwayen hanya in babu wurin tsayawa mota wucewa kawai take fuu, garin da ake tsayawa sayen kifi ya koma garin da ake gani ta taga.

Yaushe za a gama?

Titin Kano zuwa Maiduguri a 2006 aka ba da kwangilar mayar da shi tagwaye, zamanin Obasanjo, aka raba shi kashi 5, kashin farko daga Kano ta Wudil zuwa Shuwarin. Yaron da aka haifa a shekarar sai da ya isa aure ana aikin. Don haka wanda aka shafa wa jan fenti kar ya cire rufin ɗakinsa tukuna sai kuɗi sun shigo hannu an ba shi wa'adi a rubuce, wanda kuma gonarsa ke kan layi ya tambaya ko zai iya shuka bana, sau da yawa ana samun damina ɗaya ko biyu kafin katafila ta iso.